Gana Direba da Hular Mota

Da sunan Allah Mai rahama. Gana Direba, Allah Ya kai haske kabarinsa, asalinsa mutumin Barno ne, amma Fagge ce ta san shi. Yana saurayi ya biyo masu kanwa zuwa Kano, ya ga gari, ya ƙi komawa. Dogo ne, da tsage a fuska, magana ba ta dame shi ba. In zai yi Hausa sai ka ga kamar yana tauna ta tukuna kafin ya sake ta.

Abin da kowa ya san shi da shi, ba ya ganin abu a buɗe ya wuce. Ko randar gidan wasu ce, in ya ga bakinta a sake, sai ya nemi faifai ya kifa. Buta, kwanon tuwo, kwalbar man gyaɗa, duk ɗaya. Ya ce tsohuwarsa ce ta hore shi a kan haka, wai duk abin da yake da baki, in ba ci yake ba, ba magana yake ba, to a rufe shi. Kuma gaskiyarta, rufe ƙwarya ai sunna ce, malamai sun faɗa. Har matan layinsu suka sa masa suna Gana Murfi, shi kuwa bai taɓa jin haushi ba.

Tuƙi ya koya a kan motocin katako na da, masu tafiya kamar jaki ya ƙoshi. Ya yi hanyar Nguru, ya yi Jos, ya yi Ikko. Kowace mota aka ba shi, kafin ya ce bismilla ya tayar, sai ya ɗaure tsumma a bakin da take shaƙar iska, saboda ƙurar hanya. Shekara da shekaru yana yi, ba abin da ya taɓa faruwa. Ko shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, da direbobi suka yi ta gwara kai, shi ko kaza bai taka ba.

To, akwai wata mata a Sabon Gari, Madam Obiageli, mai sayar da yadi. Tun kafin yaƙin basasa Gana yake ɗaukar mata kaya. Da tashin hankali ya zo ta gudu garinsu, keken ɗinkinta a ɗakin Gana ya zauna, lulluɓe da tabarma, har aka gama yaƙin. Ta dawo ba miji, ba shago, ta tarar da kekenta ko tsatsa bai yi ba. Da shi ta sake farawa. Allah Ya buɗa mata, shekarar Udoji ta zo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗi ya shigo gari kamar ruwan Agusta, ko'ina gini ake, ko'ina siminti ake nema. Sai ga Madam ta sayi babbar mota sabuwa fil. Ranar da aka kawo ta, ba ta nemi kowa ba, Gana ta kira ta danƙa masa mukulli.

Motar nan ba irin wadda ya saba ba ce. A gefen injinta akwai wani ƙarfe a naɗe kamar dodon koɗi, wai shi tobo. Shi ke hura wa inji iska, in aka taka wuta sai ka ji yana fito siriri. Gana bai san aikinsa ba, ya dai san motar tana hawa tudu da siminti kamar ba ta ɗauki komai ba. Ya kai siminti wuraren gini, ya wuce Kaduna ya ɗauko dilolin yadi ya kawo Kantin Kwari.

Son da ya yi wa motar nan ba a magana. Matarsa Huseina tana ɗinkin hannu, sai ya sa ta yi wa kujeru riga, ta yi wa sitiyari riga, ta yi labule. Sannan akwai bututu a bayan kan motar, a tsaye, bakinsa a sama, ta nan take shaƙar iska. Gana ya dube shi, ya dubi ƙurar siminti, ya ce wannan ta fi ƙarfin tsumma. Huseina ta samo ragowar shadda, ta ninka, ta yi mata shafi, ta yi aikin zare a kai, ta sa zariya a baki. Hula sosai, wadda ko ango ya sa ba za a yi masa dariya ba. Gana ya sa wa bututu, ya ja zariya, ransa ya yi fari.

Ana nan ana nan, wata safiya ya zo zai tayar da mota sai ya ga ɗigon baƙin mai a ƙasa, kamar kwabo. Ya zaro sandar auna mai, ya ga ya ɗan ja baya. Bai yi wata-wata ba, sai garejin Yekini.

Shi Yekini bakanike ne, iyayensa Yarabawa, amma a Fagge aka yanke masa cibiya, garejinsa kuma yana Sabon Gari. Abokin Gana ne, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Sai dai Gana ya san hannun kanikawa, abin da suka taɓa ya tashi daga aiki. Saboda haka kafin ya shiga gareji sai ya tsaya a bakin titi, ya cire labule, ya cire rigunan kujeru, ya hau ya kwance hular bututu, ya ninke su duka ya sa a jaka. Haka yake yi kullum.

"Ɗan Barno, amaryar taka ce ba lafiya?" in ji Yekini.

"Fitsarin kwance take yi," in ji Gana.

"To ai gado ne. Matsa in gani."

Yekini ya ce mai ba a kama shi a inda ya ɗiga, munafuki ne, daga sama yake gangarowa ya je ya ɓata sunan wani wuri. Ya wanke injin tas da kananzir, ya bari ya bushe, ya ɗebo garin alli ya barbaɗe shi har ya yi fari kamar mai tallan koko ta sha hoda. Aka tayar da mota, suka tsuguna suna kallo. Can sai ga wani ɗan wuri ya fara duhu, a kan siririn bututun da ke kai wa tobo mai. Yekini ya sa sifana ya kwance notin, ya zaro wani ɗan zoben jan ƙarfe da ya lotse.

"Ga ɓarawonka nan. Ɗan wannan."

Ya sa sabo, ya ɗaure, alli ya zauna fari. Gana ya yi hamdala, ya fita bakin titi, ya mayar wa mota kayanta, ya kama hanya.

Ya je Kaduna ya dawo, mai ya sake ja baya. Ƙasan tobo ya jiƙe, kuma in ya taka wuta a kan tudu sai salansa ta saki wani hayaƙi shuɗi-shuɗi. Ya koma. Aka sake wanki, aka sake alli. Wannan karon Yekini ya ce tiyon da ke mayar da mai ƙasa ne ya ɗan saki, ya canja shi, ya ɗaure da sabon maɗauri. Aka bar mota tana aiki tun hantsi har aka kira azahar, ko ɗigo.

Ya sake tafiya, ya sake dawowa, jiya i yau.

Nan fa kan Gana ya ɗaure. A gareji mota lafiya lau, a hanya tana zubar da mai. Ya ce ko dai ba ta son hanyar Kaduna ne? Ya ce ko nauyin siminti ne? Wani direba ya ce masa ai motocin Turawan nan na yanzu ba sa son man ƙasar nan. Wani ya ce baki ne, mutane sun yi ta yaba motar ba sa cewa tubarkalla. Wani kuma ya ce a duba ko ya taka wani abu a mararraba. Gana ya sayi ƙosai ya yi sadaka, ya sa aka yi masa addu'a, shi ma ya tofa abin da ya sawwaƙa a kan sitiyari. Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma mai bai daina raguwa ba.

Da ya je karo na gaba, Yekini ya kwance babban bututun da ya tashi daga tobo ya shiga inji, ya zura hannu, ya fito da shi sharkaf da mai. Ya tsaya yana kallon hannun nasa.

"To wannan kuma ta ina?" in ji Gana.

"Nan iska ce kaɗai ya kamata ta bi."

"To me mai yake yi a ciki?"

"Shi nake tambaya."

"Ni kake tambaya? Ni ne bakaniken?"

Yekini ya girgiza ƙarfen da ke juyawa a cikin tobo, ya ce lafiyarsa ƙalau, bai yi lako-lako ba. Ya buɗe gwangwanin da ke tace iska, ya ga abin tacewar fes, kamar yau aka sa shi. Har ya yi mamaki, ya ce motar da ke aikin siminti, amma ko ƙura babu? Gana ya ji daɗi a ransa, ya ce ai kula ce. Yekini ya share hannu, ya ce shi dai iyakar saninsa injin nan ba abin da ya same shi. A ransa kuwa ya fara tunanin ko Gana cika mai yake ya wuce ƙa'ida. Shi ma Gana ya fara tunanin ko Yekini bai san kan tobo ba ne yake ta lalube. Ranar a masallaci kowa ya nemi wani sahun.

Maganar ta kai kunnen Madam Obiageli. Dama ita ke ba da galan ɗin mai duk tafiya, ta ga abin ya ƙi ƙarewa. Ta aika aka tambayi Yekini, ya ce inji lafiya yake. A lokacin kuwa an san wasu direbobi da tatsar mai suna sayarwa a hanya, ba ɓoyayyen abu ba ne. Ta sa aka kira Gana shagonta. Hausa a bakinta kamar 'yar cikin gari.

"Malam Gana, zauna."

"A'a Madam, nan ma ya isa."

"Bakanike ya ce mota ba ta yoyo. Kai ka ce tana yoyo. Mai kuma yana tafiya. To ina yake zuwa?"

"Wallahi Madam, abin da nake tambayar kaina ke nan."

"Mai dai ba shi da ƙafa."

"Ba shi da ita."

"Ni ban ce komai ba. Mutane ne suke cewa." Ta kau da kai, ta kama gyaran wani yadi da ba abin da ya same shi. "Ka yi tafiyar jibi. In ka dawo ya ragu, ka ajiye mini mukulli a nan. Ba faɗa."

Gana ya fito, titin Sabon Gari ya yi masa duhu da rana tsaka. Rasa motar da ciwo, amma ba shi ya fi ci masa rai ba. A ce shi, Gana, wanda keke ya shekara uku a ɗakinsa ko allura ba ta ɓata ba, yau shi ake kallo da satar baƙin mai? In ya ajiye mukullin nan, ai ya amsa sunan ke nan, har 'ya'yansa. Ya isa gida, Huseina ta kawo tuwo, ya ɗaga murfi ya duba, ya mayar ya rufe.

"Malam, ko motar ce?"

"Ni ne, Huseina. Wai ni ke shanye man."

"Inna lillahi! Kai da ko man shanu ba ka so?"

Washegari bayan sallar la'asar Yekini ya tare shi a ƙofar masallaci. Labari ya riga ya je masa, kuma ya san maganarsa ce aka ɗora a kai.

"Ni ban ce ka yi sata ba, Gana. Cewa na yi ban ga ciwo ba."

"To ai shi ke nan. In mota ba ta da ciwo, ni ke da shi."

"Ka kawo ta gobe da safe in sake wankewa. Sannan ni da kaina zan bi ka Kaduna. In aljani ne ma in gan shi da idona."

Haka aka yi. Da safe Gana ya tsaya a bakin titi ya tuɓe wa mota kayanta kamar kullum, ya shiga. Aka wanke, aka barbaɗa alli, aka cika mai daidai zane, Yekini da kansa ya auna. Ya ɗauko akwatin sifanunsa ya haye gaba. Suka fito, suka nufi mahaɗar Bata, ga mutane, ga 'yan dako, ga masu kura. Suna wuce cunkoson sai Gana ya gangara gefe ya ja birki.

"Lafiya? Ko har ta fara?"

"A'a, kayanta zan sa mata. Ɗaga in shimfiɗa. Kuma don Allah kar ka jingina da rigar nan taka."

Yekini ya sauka yana gunaguni, wai mota sai ka ce ɗakin amarya. Gana ya sa rigunan kujeru, ya rataya labule. Sannan ya zaro hula daga jaka, ya kama ƙarfe ya haye bayan kan motar, ya ce bismilla, ya kifa wa bututu, ya ja zariya ya ƙulle.

Yekini yana ƙasa, ya ɗaga kai, baki buɗe.

"Gana."

"Na'am."

"Mene ne wannan?"

"Hula ce."

"Na ga hula ce. Uban wa ya naɗa ta sarauta?"

"Saboda ƙura ne. Kai da bakinka ka ce cikinta fes."

"Tun yaushe take sawa?"

"Tun tana sabuwa."

"To ni don me ban taɓa gani ba?"

"Haba Yekini, shadda ce fa. In kawo maka ita gareji?"

Yekini ya dafe kai da hannu biyu, ya yi wata magana da Yarabanci wadda ba a fassara wa kowa ba. Ya ce a sauko da ita. Ya juya ta, ya buga a tafin hannu. Ƙurar siminti ta shige tsakanin shadda da shafi, raɓa ta taɓa ta, ta daskare, hular ta yi tauri kamar ƙanzo. Huseina takan goge bayanta, amma Gana bai taɓa bari an jiƙa ta ba, kar aikin zaren ya zuba.

"Zo nan. Kara a bakinka. Rufe hanci. To ja numfashi."

Gana ya kara, ya ja. Ya sake ja. Idanunsa suka firfito, ya fizge ta yana tari.

"Ka ji? Kai ke nan, da ba ka ɗauki buhu ko ɗaya ba. Ita da siminti take hawa tudu a haka."

"To na ji, iska ba ta isa. Ina ruwan iska da mai?"

"Tobon nan zuƙa yake, ba kamar motocinku na da ba da suke shaƙa a hankali. In ya zuƙa bai samu iska ba, sai ya zuƙo abin da ke kusa. Me ke kusa? Man da ake ba shi. Ya tura wani cikin inji ya ƙone, hayaƙin da kake gani ke nan, saura ya tsattsafo ta gaɓar bututu."

"Amma shekara nawa ina ɗaura tsumma."

"Tsumma ne, kuma jakuna kake tuƙawa. Wannan doki ne."

Gana ya juya hular a hannunsa. "Yanzu kana nufin da na rufe ta, shi ne na cuce ta?"

"Shi ne."

"Da na bar ta a buɗe ƙura tana shiga, da lafiya?"

"Akwai abin tace ƙura a ciki, aikinsa ke nan. Kai ka hana shi cin abincinsa."

Kan Gana bai ɗauka ba, amma ya sa hular a aljihu. A nan bakin titi Yekini ya kwance babban bututun, ya goge tsohon man da ya kwanta a ciki, ya mayar. Suka je suka yi lodin siminti, suka tafi. Duk inda suka tsaya salla sai su leƙa, alli yana nan fari. Gana kuwa tuƙi yake yana waiwayen bututu, bakinsa a sake yana kallon sama, abin yana sukarsa kamar ya bar ɗansa ba riga. Suka sauke siminti, suka yi lodin yadi a Kaduna, suka juyo. Da aka zaro sanda a Kano, mai yana kan zanensa.

Bai ko je gida ba, sai shagon Madam, Yekini yana biye. Ya ajiye mukulli a kan teburi, ya ajiye hula kusa da shi.

"Madam, ga mukulli, ga ɓarawon. Ki zaɓi wanda za ki riƙe."

Ta ɗauki hular tana jujjuyawa. "Wannan ta wace ce?"

"Ta mota ce."

"Mota tana sa hula?"

Yekini ya yi bayani, ta ce bai fito ba, ya sake. Ta ce ita fa ba ta gane ba, mai ya ragu ko bai ragu ba? Suka ce bai ragu ba. Ta fita da kanta, da zaninta mai tsada, aka zaro mata sanda ta duba. Ta dawo ta zauna, ta dubi hula, ta dubi Gana, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Da ta lafa sai ta goge ido.

"Haka ka lulluɓe mini keke," ta ce. Ta tura masa mukullin. "Malam Gana, ka yafe ni. Bakin mutane ne, ni kuma na saurara."

"Allah Ya yafe mana baki ɗaya."

"Amma hular nan kar in sake ganinta a kan motata."

Da ya kai wa Huseina labari, ita ba ta ga abin dariya ba. Ta ce duk ɗinkin da ta yi a duniya ba wanda ta zuba wa ido kamar wannan, yanzu a ce shi ne ya kusa raba su da abinci? Ta jiƙa hular, ta wanke, ruwan ya fito kamar kunun kanwa. Ta kifa ta a bakin tulun Gana, ta zauna daram kamar don shi aka yi.

Gana ya tuƙa motar nan har idonsa ya fara rauni, ba wanda ya sake jin an haɗa sunansa da mai. Shi da Yekini suka koma sahunsu. Amma har ya tsufa abin bai zauna masa ba. In ana hira a ƙofar gida aka taɓo zancen, sai ya girgiza kai ya ce shi fa har yau bai gane ba, tsohuwarsa ba ta taɓa faɗa masa ƙarya ba. Yekini ya ce ai ba ta yi ƙarya ba, cewa ta yi in abu ba ci yake ba, ita kuwa motar ci take. Gana ya ce iska ai ba abinci ba ce. Daga nan sai musu, har a kira magariba, su tashi. In za su shiga masallaci, shi ke tsayawa a baya yana bin butocin alwala yana mayar musu da murfi. Allah Ya jiƙansu duka, Ya sa mu cika da imani.